Tsare sirri a kwamfutar haɗaka

Tsare sirri a kwamfutar haɗaka shi ne matakan da mutum yake ɗauka domin kada mai kwamfuta, ko wanda zai hau ta bayansa, ya ga abin da ya yi a kanta. Kwamfutar haɗaka ita ce wadda mutum fiye da ɗaya ke amfani da ita, kamar ta shagon intanet, ta ɗakin karatu, ta makaranta, ta ofis, ko ta gida wadda iyali ke karɓa-karɓa. Abubuwan da ake son tsarewa sun haɗa da shafukan da aka buɗe, kalmomin da aka nema, kalmar sirri, saƙonni, hotuna da takardun da aka sauke.

Mai amfani da kwamfuta yana barin sawu a wurare uku: cikin burauza, cikin kwamfutar kanta, da kan hanyar sadarwar da ta haɗa kwamfutar da intanet. Kowane matakin tsaro yana goge wani sashe ne kawai na wannan sawu. Yanayin sirri na burauza, wanda ya fi sauran matakan shahara, wuri na farko kaɗai yake kulawa da shi, saboda haka ana yawan dogara da shi fiye da abin da zai iya.

Sawun da ake bari

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome, Firefox, Edge da Safari. An tsara ta ne ta riƙa tuna abubuwa domin sauƙaƙa wa mai ita aiki. Tana ajiye jerin shafukan da aka ziyarta tare da rana da lokaci. Tana ajiye kwafin hotuna da wasu sassan shafuka domin su buɗe da sauri idan an dawo. Tana tuna suna, adireshi da lambar waya da aka taɓa cikewa a fom, sannan ta miƙa su ga duk wanda ya fara rubuta harafin farko. Idan an amince mata, tana ajiye kalmar sirri.

Akwai kuma kukis, wato ƙananan bayanai da shafi ke ajiyewa a burauza domin ya gane mai ziyara idan ya dawo. Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, shi ya ƙirƙiro su a shekarar 1994. Kukis ne ke sa mutum ya rufe shafin imel ko na Facebook, ya sake buɗewa ya tarar har yanzu yana ciki. A kwamfutar mutum ɗaya wannan sauƙi ne. A kwamfutar haɗaka kuwa, wanda ya zauna daga baya zai iya shiga asusun na farko ba tare da ya san kalmar sirrinsa ba.

A wajen burauza, kwamfutar kanta tana da nata ajiyar. Fayil ɗin da aka sauke yana zama a foldar saukewa har sai an goge shi. Manhajojin rubutu da na kallon hoto suna nuna jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. Fayil ɗin da aka goge yana komawa kwandon shara ne, kuma ko an zubar da kwandon, sau da yawa ana iya dawo da shi da manhaja ta musamman matuƙar wani bayani bai hau gurbinsa ba. Kwamfutar tana kuma riƙe sunayen shafukan da ta nema kwanan nan na ɗan lokaci, a ajiyar da ake kira DNS.

Yanayin sirri na burauza

Kamfanin Apple ne ya fara sanya yanayin sirri a babbar burauza, a Safari 2.0 da ta fito a watan Afrilun 2005. Google ya fito da Chrome a 2008 tare da nasa, mai suna Incognito. Microsoft ya biyo baya a watan Maris na 2009 da InPrivate a cikin Internet Explorer 8, sai Firefox 3.5 a watan Yunin wannan shekarar, sannan Opera a 2010. A kwamfuta mai Windows ana buɗe shi da maɓallan Ctrl+Shift+N a Chrome da Edge, ko Ctrl+Shift+P a Firefox.

Idan aka buɗe tagar sirri, burauza tana fara sabon zama wanda ba ya ɗauke da kukis na baya. Ba ta rubuta shafukan da aka ziyarta a tarihi, ba ta ajiye abin da aka cike a fom, kuma tana zubar da kukis na wannan zama idan an rufe. A Chrome dole ne a rufe dukkan tagogin sirrin, domin zama ɗaya suke tarayya a kai, kuma idan ɗaya ta rage a buɗe asusun da aka shiga yana nan a buɗe.

Akwai abubuwan da yanayin ba ya taɓawa. Fayilolin da aka sauke suna nan, haka ma shafukan da aka yi wa alama domin dawowa. Shafin da aka ziyarta yana ganin adireshin IP na kwamfutar. Idan mutum ya shiga asusunsa na Google ko Facebook a tagar sirri, kamfanin ya san shi ne, kuma yana iya ajiye abin da ya yi a cikin asusun. Mai kula da hanyar sadarwa da kamfanin da ke ba da intanet duk suna ganin inda aka je.

Kuskuren fahimta

A shekarar 2010 masu bincike daga Jami'ar Stanford da Jami'ar Carnegie Mellon suka gabatar da nazari a kan yanayin sirri na manyan burauzoji huɗu. Sun gano cewa ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza suna iya ajiye bayanin shafukan da aka ziyarta ko da ana cikin yanayin sirri. A yau Chrome da Firefox ba sa barin irin waɗannan manhajoji su yi aiki a tagar sirri sai an ba su izini.

A 2018 masu bincike daga Jami'ar Chicago da Jami'ar Leibniz da ke Hanoba a Jamus suka yi wa mutum 460 tambayoyi a kan abin da suke zaton yanayin yana yi. Kimanin kashi 56 cikin ɗari sun ɗauka cewa Google ba zai ajiye abin da suka nema ba ko da sun shiga asusunsu. Kashi 37 cikin ɗari sun ɗauka wurin aikinsu ba zai iya bin sawunsu ba, kashi 27 cikin ɗari kuma sun ɗauka yana ƙara kare su daga manhajoji masu cutarwa. Duk waɗannan zato ba daidai ba ne.

Batun ya kai kotu a Amurka. A watan Yunin 2020 wasu masu amfani da Chrome suka shigar da ƙarar Google a jihar Kalifoniya, suna neman diyyar aƙalla dala biliyan 5, bisa zargin cewa kamfanin ya ci gaba da tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito. An sasanta a ƙarshen 2023. A cikin sharuɗɗan da aka bayyana a watan Afrilun 2024, Google ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, kuma zai fayyace wa masu amfani abin da yanayin ba ya ɓoyewa.

Raba asusu

Inda mutane ƙalilan ne ke amfani da kwamfuta a kai a kai, kamar a gida ko ƙaramin ofis, matakin da ya fi ƙarfi shi ne kowa ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa a kan kwamfutar. Windows, macOS da Linux duk suna ba da damar haka. Kowane asusu yana da nasa foldoji, nasa tarihin burauza da nasa kukis, kuma mai asusu na gama-gari ba ya iya buɗe foldar wani. Idan mutum zai tashi na ɗan lokaci yana iya kulle allon da maɓallan Windows+L.

Wannan ma yana da iyaka. Mai asusun shugaba, wato wanda ke da ikon saka manhaja da sauya saituna, yana iya buɗe fayilolin kowa. Haka kuma wanda ya tayar da kwamfutar daga filash, ko ya cire ma'ajiyarta ya jona a wata, zai karanta abin da ke ciki idan ba a kulle bayanan ba. Manhajoji irin su BitLocker na Windows, FileVault na Apple da VeraCrypt suna juya bayanai su zama ba sa karantuwa sai da mabuɗi. Wanda ya manta mabuɗin, shi ma ya rasa bayanan.

Ga baƙo na lokaci ɗaya akwai asusun baƙo. A kwamfutocin Apple da Chromebook ana goge duk abin da baƙo ya yi da zarar ya fita. Wasu ɗakunan karatu da makarantu suna saka manhaja kamar Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take a da duk lokacin da aka sake kunna ta.

Naɗar abin da ake bugawa

Barazanar da babu wani saitin burauza da ke maganinta ita ce manhaja ko na'urar da ke naɗe duk harafin da aka buga a kibod. Wata manhaja ce da ke aiki a ɓoye, wata kuma ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa tsakanin wayar kibod da kwamfuta. Tunda tana kama harafin kafin ya isa burauza, yanayin sirri bai shafe ta ba. A shekarar 2003 wani matashi ya amsa laifi a gaban kotu a birnin New York bayan ya saka irin wannan manhaja a kwamfutocin haya na shagunan Kinko's, inda ya tattara sunayen shiga da kalmomin sirri fiye da 450.

Saboda haka masana tsaron kwamfuta ke ba da shawarar kada a shiga asusun banki a kwamfutar da ba a san mai kula da ita ba. Tabbatarwa mai mataki biyu, inda ake neman lambar da aka aiko wa waya bayan kalmar sirri, tana rage ɓarnar, domin kalmar da aka sata ita kaɗai ba za ta buɗe asusun ba.

Hanyar sadarwa

Duk abin da ya fita daga kwamfuta yana bi ta na'urar sadarwar gidan, makarantar ko shagon, sannan ta kamfanin intanet. Idan adireshin shafi ya fara da https, abin da ke tsakanin burauza da shafin a kulle yake, amma galibi masu hanyar suna ganin sunan shafin da lokacin da aka shiga. VPN da Tor suna ɓoye wannan ga mai hanyar, sai dai ba sa goge komai a cikin kwamfutar, kuma ba sa hana naɗar kibod. Tails, tsarin da aka fara fitarwa a 2009, yana tashi daga filash, yana bi ta Tor, kuma ba ya barin komai a ma'ajiyar kwamfutar idan an kashe ta. Amma masu kwamfutocin jama'a da yawa suna toshe tayarwa daga filash.

Shagunan intanet a Najeriya

A Najeriya ɗalibai da masu neman aiki da yawa suna zuwa shagon intanet domin duba sakamakon WAEC da NECO, buga takardar JAMB, ko cike fom ɗin ɗaukar aiki. Sau da yawa ma'aikacin shagon ne ke zama a gaban kwamfutar, mai buƙata yana faɗa masa imel da kalmar sirri. Hoton fasfo, takardar haihuwa da lambar NIN da aka ɗauka da sikana suna iya zama a kwamfutar shagon bayan mai su ya tafi. A irin wannan hali sirrin ya dogara ne ga amanar mai shagon, kuma abin da ya rage wa mai asusu shi ne ya nemi a goge takardunsa a gabansa, sannan ya sauya kalmar sirrin daga wayarsa.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa shagunan intanet yin rajista da kuma ajiye littafin da masu shiga ke sa hannu, wanda jami'an tsaro za su iya nema. Dokar ta kuma umarci kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na tsawon shekara biyu. A 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane nauyin tsare su.

Matakan da aka saba bi

Shawarwarin da aka fi bayarwa ga mai amfani da kwamfutar jama'a su ne ya buɗe tagar sirri tun daga farko, ya ƙi amincewa idan burauza ta nemi ajiye kalmar sirri, kuma kada ya haɗa burauzar da asusunsa, domin hakan yana kwaso kalmomin sirrinsa da tarihinsa ya zuba a kwamfutar. Idan ya gama, ya danna maɓallin fita daga kowane asusu, ya goge abin da ya sauke, ya zubar da kwandon shara, sannan ya rufe dukkan tagogi. Wanda ya manta bai fita ba yana iya cire kwamfutar daga nesa, domin Google, Facebook da WhatsApp duk suna nuna jerin na'urorin da aka shiga da su.

Lamarin ya fi tsanani ga mutanen da ke fuskantar cin zarafi a gida, inda wanda ake tsoro shi ne mai kwamfutar. Ƙungiyoyin da ke taimaka musu suna gargaɗin cewa goge tarihi gaba ɗaya yana iya jawo zargi, kuma maɓallin fita da sauri da ake sakawa a shafukansu ba ya goge tarihin burauza. Shawararsu ita ce a nemi taimako ta na'urar da mai cin zarafin ba ya iya kaiwa gare ta, kamar wayar amintaccen ɗan'uwa ko kwamfutar ɗakin karatu.