Wakanda kashi na biyu: mai gida ya rasu, mata sun riƙe gida

Duk ɗan kasuwa ya san cewa buɗe shago ya fi riƙe shi sauƙi, balle in mai shagon da jama'a suka saba da fuskarsa ya rasu. Abin da ya sami masu fim ɗin Black Panther ke nan. Kashi na farko ya fito a 2018, ya tara sama da dalar Amurka miliyar 1 da miliyon 300, ya kuma ci kyautar Oscar guda 3. Ana cikin shirin kashi na biyu, sai babban ɗan wasan, Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Sarki T'Challa, ya rasu ranar 28 ga Agusta 2020 yana da shekara 43, bayan ya daɗe yana fama da ciwon dajin hanji a ɓoye.

Kamfanin Marvel da mai shirya fim ɗin, Ryan Coogler, suna da hanya biyu: ko su ɗauko wani ya saka rigar sarki, ko su bar sarkin ya mutu a cikin labari kamar yadda ya mutu a zahiri. Suka zaɓi ta biyu. Da haka Wakanda Forever ya fito a watan Nuwamba 2022.

A nan ƙarfin fim ɗin yake. Yana farawa da rasuwar sarki da jana'izarsa, jama'a sanye da fararen kaya, kuma mai kallo yana sane da cewa hawayen ƴan wasan na abokin aikinsu ne. Daga nan mata ke ɗaukar kaya: uwar sarki Ramonda ta hau karaga, ƙanwarsa Shuri ta shiga ɗakin bincikenta tana gudun makoki, Okoye na jagorancin rundunar mata. Matan kasuwa da suka ga yadda gwauruwa ke tashi ta riƙe rumfar mijinta, ta ciyar da yara, ta biya bashi, za su gane Ramonda tun kallon farko. Angela Bassett ta yi wasan da ya ba ta kyautar Golden Globe, sunanta kuma ya shiga jerin masu neman Oscar. Wurin da take tsige Okoye daga muƙaminta, tana lissafa mijinta da ƴaƴanta da ta rasa, shi ne wurin da ya fi taɓa mu a fim ɗin gaba ɗaya.

Masu sayar da atamfa da ɗinki su ma suna da abin kallo. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin, ta ci Oscar a kashi na farko ta sake ci a na biyu. Ba ta ƙirƙiro kayan daga iska ba: hular sarauniya daga matan Zulu na Afirka ta Kudu ta samo ta, tufafin ƙabilar fatake ta Wakanda kuwa daga shigar Buzaye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Wakanda ƙasa ce ta almara mai wani ƙarfe mai daraja, vibranium, wanda manyan ƙasashe ke kwaɗayi. A farkon fim, wasu sojojin haya masu jin Faransanci sun kai hari cibiyar Wakanda a Ansongo ta Mali, garin da ke bakin kogin Kwara kusa da iyakarmu. Aka kama su, sarauniya ta sa aka gurfanar da su a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, gaban wakiliyar Faransa. Abin bai yi wa Faransa daɗi ba: a Fabrairu 2023 ministan tsaronta na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito ya yi tir da wannan wuri. Mu da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 ba ma bukatar a fassara mana.

To, amma a nan ne kuma raunin ya fara. Bayan wannan buɗewa mai zafi, fim ɗin ya saki masu kwaɗayin ya juya wani gefe. Aka fito da Namor, sarkin Talokan, mutanen ƙarƙashin teku waɗanda kakanninsu ƴan ƙabilar Maya suka gudu daga zaluncin Turawan Sipaniya da cutar agana a ƙarni na 16. Tenoch Huerta ya yi wasa mai kyau, labarin mutanensa kuma na da ban tausayi. Sai dai ƙarshenta al'umma biyu da aka zalunta, masu arziki iri ɗaya, su ne ke kashe juna, waɗanda suka haddasa fitinar suna gefe lafiya lau. Fim ɗin ya nuna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma bai taɓa ƙadangaren ba.

Rauni na biyu shi ne cika rumfa da kayan wasu. Fim ɗin ya kai awa 2 da minti 41, alhali na farko awa 2 da minti 14 ne. An cusa Riri Williams, ɗalibar Amurka da ta ƙera injin gano vibranium, domin a tallata shirinta na talabijin, Ironheart, wanda ya fito a 2025. An kuma ba wasu jami'an leƙen asirin Amurka biyu mintoci masu yawa da ba su ƙara wa labarin komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda: makoki na neman natsuwa, talla na neman hayaniya.

Na uku, hoton wurare da dama, musamman na dare da na cikin ruwa, ya yi duhu. Mai kallo a wayar salula ko ƙaramar tele da rana tsaka zai sha wahala kafin ya gane wa ke dukan wa. Faɗan ƙarshe a kan jirgin ruwa shi ma aikin kwamfuta ya rinjaye shi.

Kasuwa ta yanke nata hukunci: kimanin dalar Amurka miliyon 859. Riba ce babba, amma ba ta kai ta farko ba. A ganinmu kuɗin sun yi daidai da kayan. Wanda ke neman dambe daga farko har ƙarshe zai ƙosa a tsakiya. Wanda ya taɓa binne nasa ya koma kasuwa washegari don dole, shi fim ɗin ke yi wa magana. Shawararmu ita ce a fara kallon kashi na farko, a jira dare don hoton ya fito, a kuma tsaya har bayan sunaye sun fara wucewa, don akwai ɗan gajeren wuri a Haiti da ya shafi gadon sarautar.