Tsohon firam, sabon keke a Unguwar Mu'azu

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Magidancin da ke Unguwar Mu'azu a Kaduna, wanda kullum sai ya biya kuɗin Keke Napep zuwa Kasuwar Sheikh Gumi ya kuma biya na dawowa, dole ya zauna ya yi lissafi. Da yawa lissafin nan a kan keke ya tsaya. Sai dai sabon keke ya yi tsada, mai arhar kuma fenti ne kawai da giya barkatai, damina ɗaya ta ishe shi.

Akwai wata hanya da masu gyaran keke suka daɗe da sani: a nemi tsohon firam na ƙarfe, irin na keken hawan dutse da ke shigowa cikin kayan gwanjo, a tuɓe shi tsaf, a ɗora masa abin da mai shi yake buƙata. Firam shi ne keke. Taya, sarƙa, sirdi da burki duk baƙi ne, yau su zo gobe su tafi.

Shi kansa keken dutsen haka ya samo asali. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna maƙala musu giya da burki mai ƙarfi don gangarowa daga tsaunuka. Joe Breeze ya ƙera firam na musamman a 1977, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa. Kekunan da aka yi daga lokacin zuwa tsakiyar shekarun 1990 galibinsu ƙarfe ne, kuma irinsu ne Turawa suka gaji da su suke zubowa Afirka.

Me ya sa ƙarfe, bayan alminiyam ya fi shi rashin nauyi kusan sau uku? Domin ƙarfe ya fi shi tauri kusan sau ukun shi ma, don haka ana iya yin bututunsa siriri. Sannan ƙarfe yana da haƙuri: in nauyin da ake ɗora masa bai wuce wani mizani ba, zai yi ta ɗauka shekara da shekaru, alhali alminiyam kowace girgiza tana rage masa kwana. In ƙarfe zai gaza, yakan lanƙwasa ko ya nuna tsaga tukuna. Babban dalilin dai a Kaduna shi ne gyara. Firam ɗin alminiyam in ya tsage, sai walda ta musamman da iskar argon, a kuma sake gasa shi kafin ƙarfinsa ya dawo. Na ƙarfe kuwa, ga masu walda a Panteka nan kusa.

Amma a yi hattara da mai waldar ƙofa da taga. Firam mai kyau na haɗin da ake kira kromoli ne, wato ƙarfe da ɗan kromiyam da molibdenam, za ka ga an rubuta Cr-Mo ko 4130 a jikinsa. Kaurin bangon bututunsa bai kai milimita 1 ba, a tsakiya ma yakan sauka zuwa 0.6. Waldar lantarki ta sanda huda shi za ta yi. A kai shi wurin mai waldar gas ya liƙe da tagulla.

Wajen saye, mayen ƙarfe ne alƙali: in ya kama, ƙarfe ne. Daga nan a cire sandar sirdi a leƙa cikin bututu, don tsatsar ciki ta fi ta waje illa. A shafa ƙarƙashin bututu daf da wuyan keken. In an ji kumburi ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba, a bar wa mai shi abinsa. In sandar sirdin ta ƙi fita ko da an jiƙa ta da mai, wannan ma dalilin rage kuɗi ne.

Haɗawar ita ce inda ake asarar kuɗi saboda rashin awo. Gargaren waɗannan kekuna mai inci 26 ne. Na tsohon Raleigh da iyayenmu suka hau, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, da na Phoenix ɗan Sin, inci 28 ne, ba zai shiga ba. Faɗin wurin tayar baya yawanci milimita 135 ne, tsofaffi sosai 130, kuma da yake ƙarfe ne ana iya buɗa shi a hankali ya karɓi mai faɗin. Zaren da ke riƙe gindin feda a ɓangaren sarƙa na hagu ne, sai an juya shi dama yake kwancewa. Yara masu koyon gyara sun lalata firam da dama kafin su gane haka.

A ganina, wanda zai bi lungunan Unguwar Mu'azu ya fita babban titin Nnamdi Azikiwe ba ya buƙatar giya 21. Faranti ɗaya a gaba da giya bakwai a baya sun wadatar, ƙurar hunturu ma ta sami ƙarancin wurin maƙalewa. Fok mai sifirin na arha nauyi ne kawai, gara sandararre na ƙarfe. Kuɗin da aka rage a sa shi a taya mai kauri, sabbin wayoyin burki da robobinsa, madgad saboda taɓon Agusta, da kariyar ɗaukar kaya mai ƙwari. Tsofaffin firam ɗin nan suna da ƙananan ramukan noti kusa da tayar baya, dama don kariyar aka yi su, ba sai an ɗaure da waya ba.

Kafin a rufe komai, a zuba ɗan baƙin mai cikin bututun a jujjuya firam ɗin ya game ko'ina, a shafa giris a sandar sirdi, sannan a tabbata ɗan ramin da ke ƙasan gindin feda a buɗe yake don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.