Zuƙewar Batir da Matsalar Caji a Rimot na Ƙananan Jiragen Ƙasa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sha'awa da ta daɗe da kafuwa, watau tara ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo da tuƙa su a kan ɗan layin dogo da aka shimfiɗa bisa tebur. Ko da yake abin ya faro ne a matsayin wasan yara, magidanta ne suka fi zuba dukiya da lokaci a cikinsa. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, da kamfanin Lionel, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a birnin New York a 1900, suna cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera waɗannan jirage. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage girman jirgi na gaske sau 87.

A da, mai tuƙi yakan tsaya ne a gaban taransifoma yana murɗa wani ɗan hannu domin ƙara wuta ko rage ta. A yau kuwa da yawa suna riƙe da rimot marar waya, suna zagaya teburin suna bin jirginsu. Wannan sauƙi ya zo da nasa ciwon kai. Sau da yawa akan ɗauko rimot bayan mako biyu ko uku a tarar batirinsa ya mutu, ko kuwa a kwana ana yi masa caji, gari ya waye bai ɗauki kome ba. Wannan muƙala za ta nuna cewa galibi matsalar tana tasowa ne daga rashin jituwa tsakanin abubuwa uku: rimot, da irin batirin da aka sa masa, da kuma caja. Wanda ya san halin kowannensu zai iya gano mai laifi da ɗan lissafi da mitar auna wuta.

2.0 Aikin Batir a Cikin Rimot

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, jirgin ba ya shan wutarsa daga batirin rimot. Daga layin dogo yake sha, layin kuma daga wutar gida ta hanyar taransifoma. A tsarin da ake kira DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta kuma amince da shi a farkon shekarun 1990, wutar da ke kan dogo tana ɗauke da saƙonni. Kowane kan jirgi yana da lambarsa, saƙon da aka aiko da lambarsa kaɗai yake bi. Shi rimot ɗan aike ne kurum. Yana kai umarnin mai tuƙi ta iska zuwa ga wani akwati da ke matsayin cibiya, akwatin kuma ya zuba umarnin a kan dogo.

A nan haɗarin yake. Cibiyar tana ta maimaita umarni na ƙarshe da ta samu. Saboda haka idan batir ya mutu alhali jirgi na tsakiyar gudu, a tsare-tsare da dama jirgin zai ci gaba da gudunsa ba mai tsayar da shi, har ya afka wa wani, ko ya goce daga layi ya faɗo ƙasa. Ta haka batir mai araha kan jawo asarar kan jirgi mai tsada.

3.0 Dalilan Zuƙewar Batir

Za a fi gane wannan sashe idan aka kwatanta batir da randa. Lambar da ake rubutawa a jikinsa tare da haruffan mAh ita ce girman randar, watau yawan wutar da zai iya riƙewa. Wutar da na'ura ke ja a kowane lokaci kuwa da miliamfiya ake auna ta. Idan aka raba girman randa da yawan abin da ake ɗiba, sai a sami yawan sa'o'in da batir zai yi.

3.1 Shan Wuta a Ɓoye

Rimot da yawa ba sa mutuwa gaba ɗaya idan an kashe su. Fuskar kan yi duhu, amma 'yar kwamfutar da ke ciki tana nan tana gyangyaɗi, tana sauraron a taɓa maɓalli. Wasu ma, kamar DT400 na kamfanin Digitrax na Amurka, wanda ke aiki da batir mai bolt 9, ba su da makunnin da ke yanke batir, shi ya sa masu su suka saba zare batirin da zarar an tashi daga wasa.

Batir mai bolt 9 irin na alkalin yana riƙe da wajen mAh 550. Misali, idan rimot na jan miliamfiya 30 lokacin aiki, batirin zai yi kusan sa'a 18. Idan kuma yana jan miliamfiya 1 tak lokacin da yake ajiye, to cikin sa'a 550, watau kwana 23, randar ta ƙafe ba tare da an tuƙa jirgi ko sau ɗaya ba. Wutar da ke haskaka fuskar rimot da na'urar aika saƙo ta iska su ne suka fi kome ci a lokacin aiki, musamman idan ta Wi-Fi ake aikawa.

3.2 Yoyon Batir

Ko an cire batir an ajiye shi a aljihun tebur, yana zubar da cajinsa a hankali saboda aikin sinadaran da ke cikinsa. Na alkalin yana iya yin shekaru kafin ya yi sanyi. Amma batir mai caji irin na NiMH, wanda ya shiga kasuwa wajen 1990, idan tsohon samfuri ne yakan yi asarar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a wata guda, zafi kuma yana ƙara saurin yoyon. A 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya fito da batirin Eneloop, wanda ke riƙe mafi yawan cajinsa har bayan shekara. Irin wannan ya fi dacewa da rimot da sai ƙarshen mako ake ɗauko shi.

3.3 Bambancin Ƙarfi

Sabon batir na alkalin yana ba da bolt 1.5, na NiMH kuwa bolt 1.2 aka san shi da shi. Rimot mai cin batura huɗu, kamar CAB-1 da Lionel ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, zai sami bolt 6 daga na farko, bolt 4.8 daga na biyu. Idan an ƙera rimot da alkalin a rai, yana iya nuna alamar ƙarewar batir alhali batura masu cajin suna da sauran wuta mai yawa. Haka kuma batir mai caji da aka rubuta wa bolt 9 ba lalle ne ya kai hakan ba. Mai ƙwaya shida a ciki bolt 7.2 ne, mai bakwai 8.4, mai takwas 9.6, yawancinsu kuma ba su kai rabin girman randar alkalin ba.

Akwai kuma bambancin yadda suke ƙarewa. Ƙarfin alkalin yana sauka ne sannu a hankali, saboda haka yana ba da gargaɗi. NiMH kan tsaya daram kusan har ƙarshe, sa'an nan ya faɗi farat ɗaya. Wannan ne ya sa mai tuƙi kan ga alama a cike, bayan 'yan mintoci rimot ya ɗauke.

4.0 Matsalolin Caji

Wasu rimot suna da mazauni da ake ɗora su a kai su sha caji. CAB-2 na tsarin Legacy na Lionel misali ne: batura uku na NiMH yake ɗauka, mazauninsa kuma yana da makunnin kashe caji saboda wanda ya sa alkalin. Hikimar wannan makunni ita ce, tura wuta cikin alkalin yana tara iska a cikinsa har ya tsage ya zubo da ruwansa. Ruwan nan mai cin ƙarfe ne, idan ya haɗu da iska sai ya bushe ya zama farin gari, wanda sinadarinsa ɗaya ne da wanda ke cikin ruwan toka. Garin kan rufe sifirin da 'yan ƙarafan da batir ke taɓawa, ya hana wuta wucewa. Akan wanke shi da 'yar auduga da aka jiƙa da ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai.

Matsala ta biyu ita ce sanin lokacin tsayawa. Caja marar wayo tana tura wuta ne ba ƙaƙƙautawa. Ƙa'idar cajin a hankali ita ce a tura kashi ɗaya cikin goma na girman batir na tsawon sa'a 14 zuwa 16, watau miliamfiya 200 ga batir mai mAh 2000. Idan aka bar shi makonni a kai, zafi ya dafa shi, girmansa ya ragu. Caja mai wayo kuwa tana lura da wata 'yar alama: idan NiMH ya cika, ƙarfinsa yakan ɗan sauka kaɗan, jikinsa kuma ya ɗumama. To amma saukar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, saboda haka datti a bakin ƙarfe ko tsohon batir na iya ruɗa cajar, ta tsaya tun bai cika ba, ko ta zarce bayan ya cika. Har ila yau, caja da yawa sukan ƙi karɓar batirin da ya zuƙe ƙwaf, domin suna ɗaukarsa matacce.

Matsala ta uku ita ce jeren batura. A cikin rimot batura suna jere ne kai da gindi, wuta guda ke ratsa su duka. Idan ɗaya ya fi sauran rauni, shi zai fara ƙarewa, sai sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye, abin da ke lalata shi. A wajen caji kuma mai rauni da mai ƙarfi rabo ɗaya suke samu, ko da yake buƙatarsu ta bambanta. Saboda haka ba a gauraya sabo da tsoho, ko na kamfani daban-daban. Cajar da ke kula da kowane batir shi kaɗai ta fi mazaunin da ke haɗa su a jere.

Sababbin rimot da yawa batirin litiyam ne a cikinsu, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ƙwayarsa tana da bolt 3.7, tana cika a 4.2. Ba ya son a bar shi fanko na tsawon watanni, ba ya kuma son dogon zama a cike cikin zafi. Wajen rabin caji ya fi dacewa da ajiya. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta. A kuma yi hattara da batirin litiyam mai lamba 14500, wanda girmansa ɗaya da na AA amma ƙarfinsa ya ninka na alkalin fiye da sau biyu, yana iya ƙona rimot.

5.0 Hanyar Gano Mai Laifi

Da farko a sa sababbin batura na alkalin, a nisanta rimot daga mazaunin caji. Idan ya yi aiki lafiya, to zargi ya koma kan batura masu caji ko cajarsu. Na biyu, a auna kowane batir shi kaɗai jim kaɗan bayan an yi aiki da su. Wanda ƙarfinsa ya yi ƙasa da na 'yan'uwansa shi ne mai rauni. Auna batirin da ya daɗe a ajiye yana iya yaudara, domin yakan nuna ƙarfi a mita, ya durƙushe da zarar an ɗora masa kaya. Na uku, a kashe rimot, a sa mitar a tsakanin batir da ƙarfen da yake taɓawa, a karanta abin da yake ja a ɓoye. Idan lissafi ya nuna batir ba zai kai wata guda ba, maganin shi ne a riƙa zare shi. Na huɗu, a goge bakin ƙarafan mazauni da na rimot, a tabbata ya zauna daidai.

6.0 Kammalawa

An ga cewa rimot yana shan wuta ko a kashe yake, batir yana yoyo ko ba a taɓa shi ba, caja kuma tana iya kuskuren gane cika. Duk inda aka haɗa ukun ba tare da duba halinsu ba, sayen sabon batir ba zai kawo ƙarshen matsalar ba, 'yan kwanaki kawai zai ƙara. Ko da yake ƙananan jiragen ƙasa ba su yaɗu a ƙasar Hausa ba, irin waɗannan batura ne ke cikin tocila da rediyo da rimot na talabijin, zafin bazara kuma yana gaggauta lalacewarsu. Ka'idojin da aka bayyana a sama suna aiki a kansu daidai wa daida: a zare batir daga abin da za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a ajiye shi a wuri mai sanyi, kada kuma a tura caji cikin batirin da ba a yi shi don caji ba.