Laulayi: Inda Haƙuri Ya Kamata Ya Tsaya

A gidajenmu na Gwarzo da Kabo, sabon ciki ba ya buƙatar shela. Da uwar miji ta ga amarya tana yawan tofar da yawu, tana toshe hanci in an jefa daddawa a miya, ta riga ta gane. Sai ta yi murmushi ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, haka kowacce ta yi."

Akwai gaskiya a maganarta. Kusan mata 7 cikin 10 suna laulayi. Yakan fara wajen sati na 6, ya tsananta a na 9, ya lafa a wata na huɗu. Sinadaran da sabon ciki ke zubawa a jini ne ke tayar da zuciya, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma sammu ba.

Yunwa na ƙara shi. Kafin mai ciki ta sauko daga gado, ta ɗan ci busasshen burodi ko biskit. Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, akai-akai, ta rage maiƙo da yaji. Ruwa kuwa kurɓa za ta riƙa yi, kada ta kafa kai a moɗa ta shanye. Ruwan ɗumi da 'yar citta yana taimakawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci citta a shawarwarinta na 2016. Idan maganin ƙarin jini ne ke tayar mata da amai, ta gaya wa ma'aikaciyar awo, kada ta jefa shi ƙarƙashin katifa. Maigida kuma ya sama mata mai karɓar girki, domin hayaƙin icce da ƙaurin suya sun ishe ta azaba.

Sai dai akwai aman da ya wuce laulayi, kuma nan ne "haka kowacce ta yi" ke cutarwa. Idan aka yi yini da kwana ko ruwa bai zauna mata ba, fitsarinta ya ragu ya yi ja kamar shayi, jiri na ɗibar ta in ta miƙe, tana ramewa, to ruwan jikinta ke ƙarewa. Haka idan akwai jini a aman, ko zazzaɓi, ko ciwon mara. Ko daga Getso take ko daga Garo, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar. In abin ya fi ƙarfin ma'aikatan wurin za su tura ta babban asibiti, irin na Gwarzo. A can ne za a ƙara mata ruwa, a gwada jini da fitsari, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara sukan fake a bayan laulayi. Hoton ciki kuma zai nuna ko tagwaye ne suka tsananta aman.

Kada a aiki yaro kemis ya ce "a ba ni maganin amai", kada a ɗura mata jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. A watanni ukun farko ne gaɓoɓin jariri ke haɗuwa. Daga 1957 zuwa 1961 an riƙa sayar da wani magani, Thalidomide, da mata a ƙasashe da dama suka sha don laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu da dungulmin hannu ko ƙafa. Akwai magungunan amai da suka dace da mai ciki, amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa.

Mai cikin fari ta fi kowa kunyar faɗa, musamman a gaban surukai. Mahaifiyarta ko yayarta su tambaye ta a keɓe, su raka ta ta fara awo kafin ciki ya cika sati 12.