Zubin azurfa da kakin zuma

Jama'a, yaron maƙera in ya iya gyaran zobe da magagari, abin da ke gabansa shi ne zubi. Da shi maƙeran Agadas ke yin abin wuyan nan nasu da ya yi suna. Za a siffata kayan da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a bar ƴar kafa. A gasa, kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkar azurfa a gurbinsa. To, nan fa ake yin ta: in yumɓun bai bushe sarai ba, tsagewa zai yi, azurfa ta malale cikin toka. Kuma sai an fasa shi ake ganin aikin. In ya ɓaci, sai sabon kaki. Gara ɗan koyo ya fara da tagulla, ta fi araha.