Akwala Ce Makarantar Bakanike, Amma Akwalar Ta Sauya

Motocin da ke jibge a garejin Kwakwaci a Kano, ko layin kanikawa na Apo a Abuja, ko kewayen Panteka a Kaduna, yawancinsu sun haura shekara goma sha biyar da ƙerawa, wasu ma sun girmi yaran da ke kwance a ƙarƙashinsu riƙe da sifana. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa oga ya ce, "Ga amana nan, a koya masa sana'a," wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya sauya shi ne irin masu zuwan. A cikin 'yan koyon yau akwai wanda ya gama sakandare, akwai mai difloma da ya gaji da yawon neman aiki, akwai almajirin da ya girma yana neman abin riƙewa. Har mata sun shigo: Sandra Aguebor ta daɗe tana horar da 'yan mata aikin kanikanci a kudancin Nijeriya, a Sakkwato ma ƙungiyar Nana ta buɗe gareji na mata zalla. Dukkansu kuwa a kan tsohuwar mota suke fara koyo, domin ita ce a kan titi, ita ce kuma mai ita zai yarda ɗan koyo ya taɓa.

Yadda motocinmu suka tsufa yana da tarihi. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano. A wancan zamani ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya fito da 504 sabuwa fil. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai ƙofar gwanjo ta buɗe. Motocin da Turawa suka gama mora aka riƙa lodowa zuwa tashar Kwatano, wasu su ratsa Nijar ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi, su faɗo ta Illela ko Jibiya. Su ne 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano da muka taso muna gani. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

Sai kuma ita kanta 'yar Beljiyam ta zama sai wane da wane. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, harajin kwastan kuma da farashin dala ake lissafa shi. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo rufe iyakarta da Benin, tsohuwar hanyar Kwatano ta toshe. Magidancin da a da yake sauya mota duk bayan 'yan shekaru yanzu lallaɓa wadda yake da ita yake yi. Motar da aka kife a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, an jawo ta zuwa gareji. Aiki ya ƙaru a hannun kanikawa daidai lokacin da aikin ofis ya yi wuya, kuma shiga wannan sana'a ba ta neman takardar shaida ko babban jari. Wannan shi ne babban dalilin tururuwar da ake yi zuwa gareji, ba wai wata sha'awar tsofaffin motoci ba irin ta Turawan da ke gyara su don nishaɗi a ranakun hutu. A nan neman abinci ne.

Ina ganin sa'a ce babba ga ɗan koyo ya fara da tsohuwar mota, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Buɗe bonet ɗin 504 ka duba. Komai a fili yake, hannu yana isa ko'ina. Ga kafireta tana haɗa mai da iska, ga distiributa tana raba wuta ga fulogi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ga fanbel yana juya fanka da famfon ruwa, ga lagireto. Yaro zai taka totur da hannunsa ya ga mai yana fesowa. Zai zare wayar fulogi ɗaya ya ji yadda injin ya fara rawa. Abin da malamin makarantar fasaha zai kwashe mako yana zanawa a allo, wato inji ba ya tashi sai an samu mai da wuta da matsi, kuma kowanne ya zo a kan lokacinsa, yaron gareji yana ganinsa da ido kafin azahar. Idan aka sauke inji za a yi masa ringin, shi ne mai wanke fistin da karanshaf a cikin daro, kuma ta wannan wankin ne hannunsa ke sanin bambancin ƙarfen da ya ci da wanda bai ci ba. Kunnensa ma yana koyo. Gogaggen bakanike yana bambanta ƙarar bawul da ta metal tun motar ba ta tsaya ba, kuma wannan ilimi ne na gaske, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Akwai kuma arahar kuskure. Ɗan koyo dole ya ɓata kafin ya gyara. Idan ya ɗaure noti ya wuce kima har ya cinye zare a kan Golf 3, za a leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a samo wani kafin la'asar. Wannan kuskuren a kan sabuwar jif zai iya cinye ribar gareji ta wata guda. Shi ya sa wasu matasan da suka ɗan ƙware suke haɗa kuɗi su sayi motar da ta kwanta, su tayar da ita a hankali: inji a wurinsu, waya a wurin riwaya, jiki a wurin fanalbita da mai fenti, kujeru a wurin mai ɗinki. Mota ɗaya takan ciyar da gida biyar ko shida kafin ta koma titi, wanda ya jagoranci aikin kuma ya koyi abin da ba a koyar da shi a ƙarƙashin mota, wato lissafin kuɗi da sanin lokacin da gyara ya fi ƙarfin darajar abin da ake gyarawa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Tsohuwar motar da ogan ya koya a kanta ba ita ce tsohuwar motar yau ba. Akwalar 1995 tana da kafireta. Akwalar yau Corolla ce ta 2005, ko Honda Accord ta 2003, ko Peugeot 406, ko Sharan ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja, kuma kowacce tana da ƙwaƙwalwa. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da kafar da ake jona na'urar bincike, Turai ta bi sahu a kan motocin fetur a farkon shekarun 2000. Ma'ana, kusan duk abin da ake shigowa da shi yanzu, komai tsufansa, na'urori ne ke auna iskar da ya shaƙa da zafin ruwansa da hayaƙin da ya fitar, ƙwaƙwalwar ta yanke yawan man da nozul zai fesa. Kunne kaɗai ba ya jin wannan. Ogan da bai samu damar sabunta iliminsa ba yakan koma ga abin da ya sani, yaransa kuma su gaji hakan a matsayin ƙa'ida.

Misalan suna nan a kowane gari. Mota ta fara ɗaukar zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a ce ai don ƙasar sanyi aka yi shi. Alhali aikinsa shi ne ya riƙe injin a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da hunturu, ƙwaƙwalwar ta ɗauka har yanzu da sauran sanyi ta ci gaba da ƙara mai, mai mota yana kukan shan fetur bai san daga ina ba. Asalin ciwon kuwa, wataƙila toshewar lagireto ce saboda ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan sanyaya inji, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka ake fasa matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, motar ta koma tana feso wa mutanen bakin titi guba. Haka ake ɗura baƙin mai mai kauri a injin da aka ƙera don mai tsinkakke, ƙananan hanyoyin mai su kasa samun rabonsu. Fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, maimakon a tambaye ta me ta gani, sai a cire ƙwanta. Ɗan koyon da ya tashi a kan wannan bai koyi tayar da mota ba, ya koyi rage mata kaya har ta dawo daidai da iliminsa.

Mafi tayar da hankali shi ne motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye a Amurka, waɗanda ake saye a gwanjon kamfanonin inshora a kawo nan a gyara. Fanalbitocinmu gwanaye ne, sukan miƙar da motar da ta lotse har ka rantse ba ta taɓa karo ba. Amma jakar iskar da ta fashe sau da yawa ba a mayar da ita, sai a liƙe murfin sitiyari a yi fenti. Wanda ya saya ya ɗora iyalinsa a ciki bai sani ba. Yaron da aka sa ya liƙe murfin nan an koya masa ha'inci a rana ɗaya da sana'a, kuma wannan laifin manya ne, ba nasa ba.

Jikin ɗan koyon ma yana biyan nasa farashin. Zuƙo fetur da baki ta tiyo, wanke hannu da shi, fasa batir ana taɓa darma da ruwan asid, shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, tsiyayar da baƙin mai a ƙasa kusa da rijiyar unguwa. Ƙananan yaran da ake cirewa daga makaranta gaba ɗaya a kai gareji su ne suka fi asara, domin sana'ar da suke shiga yanzu tana neman mai iya karatu.

Masu ilimin bokon da matsin tattalin arziki ya turo gareji sun zo da wani abu da ake buƙata, ko da ba su zo da son ransu ba. Suna da waya, suna kallon bidiyon gyara a YouTube, suna iya sauke littafin da kamfani ya rubuta wa kowace mota, kuma ƙaramar na'urar bincike da ake haɗawa da waya ba ta fi ƙarfin ɗan koyo ba. Sai dai na'urar ba boka ba ce. Idan ta nuna P0171, abin da ta faɗa kawai shi ne iska ta rinjayi mai a cikin haɗin. Ko tiyo ne ya tsage yana shan iska, ko ma'aunin iska ne ya yi datti, ko famfon mai ne ya gaji, wannan sai mai hannu da kunne ya bi ɗaya bayan ɗaya ya gano. Mai na'ura da bai taɓa wanke fistin ba yakan sa mai mota sayen kaya uku kafin a dace, kamar yadda mai kunne da ba ya awo yake yi. Garejin da ya fi amfani ga ɗan koyo a yau shi ne wanda tsohon oga da matashi mai na'ura suke aiki a inuwa ɗaya ba tare da ɗayansu ya raina ɗaya ba.

Hukumomi sun fara motsi, ko da yake tafiyar ba ta kai girman buƙatar ba. Kwalejin fasaha ta Kaduna ta jawo masu sana'ar Panteka a jika, hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha kuma tana da tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a wajen aji, bayan an gwada abin da hannunsa ya iya. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a garuruwa da dama, kuma ita ce ta fi kowa sanin ogannin da yara ke hannunsu. A ganina horon da ya fi gaggawa na ogannin ne, domin oga ɗaya da ya fahimci amfanin tamostat da ma'aunin ɗaure noti zai sauya hannun duk yaran da za su yi yaye a wurinsa.

Gwaji na gaba ya riga ya iso. Tun bayan janye tallafi gwamnati take ƙarfafa mayar da motocin fetur su koma amfani da iskar gas ta CNG, kuma tsofaffin motocin haya ne a sahun farko. Tukunyar wannan gas tana ɗaukar matsin da ya kai bar 200, kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin na Nijeriya, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka ce tukunyar da ke cikinta haɗin walda ce da ba a ƙera don wannan aiki ba. Motocin da za a kawo wa 'yan koyon Kwakwaci da Apo nan da 'yan shekaru da yawansu za su zo da irin wannan tukunya a but, kuma su ne za a sa su kwance ta.