Auna rarrabuwar sarrafa kaya tsakanin ƙasashe

Rarrabuwar sarrafa kaya ita ce yadda ake kasa aikin ƙera abu ɗaya tsakanin ƙasashe da dama: wata ta haƙo ɗanyen abu, wata ta tace shi, wata ta harhaɗa. Masana tattalin arziki na auna ta domin gano rabon da kowace ƙasa ke samu.

Hanyoyin aunawa

Alƙaluman kwastan kan rubuta cikakken farashin kaya duk lokacin da suka tsallake iyaka, don haka ana iya ƙirga abu ɗaya sau biyu ko uku. Wani bincike na 2010 kan iPhone 3G ya nuna cewa daga kusan dala 179 da ake rubuta wa China a kan kowace waya, dala 6.50 kacal ce ladan harhaɗawar da aka yi a can.

Saboda haka ake auna ƙarin daraja, wato farashin kaya bayan an cire kuɗin sassan da aka shigo da su daga waje. Ana yin lissafin ne da jadawalin shiga da fita na Wassily Leontief, wanda ke nuna abin da kowace masana'anta ta saya daga wata. A 2013 ƙungiyar OECD da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka buɗe rumbun alƙaluma mai suna TiVA a kan wannan tsari.

Zinaren Birnin Gwari

Wannan ma'auni ya dogara da abin da aka rubuta. A dazukan Birnin Gwari da ke yammacin jihar Kaduna, ana haƙar zinare da diga da shebur, a sayar wa dillalai. Kaso mai yawa na irin wannan zinare na Najeriya kan fita ta ɓarauniyar hanya zuwa Dubai, inda ake tace shi a ƙera sarƙa da awarwaro.

A nan masana kan kwatanta abin da ƙasar mai saye ta rubuta da abin da mai sayarwa ta rubuta. Binciken Reuters na 2019 ya gano cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shigo da zinaren dala biliyan 15.1 daga Afirka a 2016, alhali yawancinsa bai fito a takardun fitarwa na ƙasashen Afirka ba. Zinaren da ba a rubuta ba, gwamnati ba ta karɓar haraji a kansa, kuma aikin mahaƙin ba ya shiga lissafi.